IN ZA A YI TSEREN MOTA A BABURA, A FARA DA KANIKAWA

Kwanakin baya aiki ya kai ni wani ƙauye da ke arewa da Babura, kusa da iyakar ƙasarmu da Jamhuriyar Nijar. Motar da muka shiga irin waɗanda akan saya ne musamman domin shiga karkara, har an rubuta a bayanta cewa da ƙafa huɗu take ja. Amma muna sauka daga kwalta, ba mu yi mil biyu ba sai ta kafe cikin rairayi, ƙafafun gaba suna ta tona rami, na baya kuwa ko motsi ba sa yi. Bayan samarin ƙauyen sun tura mu mun fita, na tambayi direba dalili. Ya ce, "Yallaɓai, ai tun bara aka cire farfelar baya. Ƙwaƙwalwarta ce ta rikice, bakanike ya ce cirewa ta fi sauƙi."

Wannan 'yar ƙwaƙwalwa da aka kasa gyarawa ita ce maƙasudin rubutun nan, domin kuwa a fagen tseren motoci aka raine ta, kuma wani sashe na renon an yi shi ne a rairayin maƙwabtanmu na Nijar.

Bari mu fara da yadda take aiki. A tsofaffin motocin daji, irin su Land Rover na zamanin En'e, direba ne ke jan ƙarfe da hannunsa ya haɗa ƙafafun gaba da na baya. A motocin yanzu kuwa wata ƙaramar na'ura ce ke yin wannan shawara. Tana samun labarin gudun kowace ƙafa, da yadda aka karya sitiyari, da yadda aka taka totur, sa'an nan ta matse ko ta sassauta wasu fayafayan kuloci da ke tsakanin gaba da baya, ta hanyar matsin mai ko maganaɗisun lantarki, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. In ƙafa ɗaya ta fara santsi sai a tura ƙarfin inji ga waɗanda ke da kamu. Masu tsere a kan kwalta sukan sayi na'ura ta musamman su ɗora, wadda ke ba direba ikon tura ƙarfi baya lokacin shiga kwana, don hancin mota ya juya, da kuma ɗaure gaba da baya lokacin fita, don ta kama ƙasa ta harba.

Abin yana da lagonsa. In aka sa wa mota tayoyi masu bambancin girma, kamar yadda muka saba yi da tayoyin gwanjo, sai na'urar ta ɗauka santsi ake yi kullum, ta yi ta matse fayafayan har su ƙone. In an daɗe ana fama cikin rairayi sukan yi zafi, na'urar ta sake su don kare kanta. Haka kuma man da ke cikinsu yana bukatar canji. Duk wannan ilmi ne da za a iya koyarwa, amma rashinsa ya sa ana mai da mota mai tsada gurguwa.

To, ina aka samo ilmin? A watan Disamba na 1978 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya buɗe tseren nan da aka sani da Paris-Dakar, bayan shi kansa ya taɓa ɓata a hamadar Tenere cikin 1977. Shekara da shekaru ayarin yana ratsa Nijar, Agadas kuwa ta zama babban zangonsa, har cikin 1997 aka tashi daga Dakar aka juyo a Agadas. Cikin 1986 kamfanin Porsche na Jamus ya kawo motarsa 959, René Metge ya zo na ɗaya da ita, Jacky Ickx ya zo na biyu. Irin wannan mota da aka sayar wa jama'a tana cikin na farko-farko da lantarki ke raba ƙarfinsu tsakanin gaba da baya, tana iya tura kashi 80 cikin 100 baya in an taka wuta, ta kuma raba daidai wa daida in ƙasa ta yi santsi. Cikin 1989 kamfanin Nissan na Japan ya fito da tasa dabarar a motar Skyline GT-R, wadda ta cinye duk tsere 29 da ta shiga a gasar ƙasarsu daga 1990 zuwa 1993. Daga nan dabarar ta gangaro har zuwa motocin da ke cika gareji-garejinmu a yau.

Mai karatu ya dubi yadda aka raba ribar. Kamfanoni sun koma gida da ilmi da suna, sun sayar da motoci. Mutanen zango sun sayar da mai da abinci da kayan azurfa na 'yan kwanaki, masu jagora sun sami lada, kuma ba za a raina wannan ba. Amma da tsaro ya taɓarɓare, cikin shekarar 2000 aka kwashe ayarin cikin jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya, aka tsallake arewacin Nijar. Cikin 2008 aka soke tseren ɗungurungum, ya ƙaura Amurka ta Kudu cikin 2009, sa'an nan Saudiyya tun 2020. Har wa yau akwai ƙauyukan da suka biya da rai: cikin 2006 kaɗai motocin ayarin sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Da ƙura ta lafa, sanin yadda ake sarrafa na'urar ya bi masu shi ya tafi. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

A nan gida ma muna da misali. Da aka farfaɗo da bikin kamun kifi na Argungu cikin watan Maris na 2020, hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, a lokacin tana ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta shirya ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu. Manufar ta yi kyau, watau a gwada namu a kan hanyoyinmu a gaban jama'armu. Abin da ya rage shi ne a ɗora ilmi a kan wannan harsashi.

A ganina babu inda ya dace da wannan kamar arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Allah ya hore wa Babura jigayi da rairayi, ya hore wa Kazaure da Roni duwatsu da hawa da gangara, ga burtalai da fadamu har zuwa Gwiwa. Duk irin ƙasar da mai gwada na'urar raba ƙarfi ke nema tana nan kusa da juna. Bugu da ƙari, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, wadda aka amince da kafa ta cikin 2021, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure. Samari masu sha'awar mota ma ba a rasa su ba, sai dai sau da yawa a titin gari suke nuna bajintarsu ranar ɗaukar amarya, inda akan wayi gari da makoki.

Na san wani zai ce, ana fama da ruwan sha da takin zamani da kujerun makaranta, wa ke ta tseren mota? Maganarsa tana kan hanya, kuma in biki ne kawai za a yi, a kafa rumfuna, manya su yi jawabi, 'ya'yan masu hali su tayar da ƙura su koma birni, to, gara a bar kuɗin a haƙa rijiyoyi. Amma motar asibiti da ke kafewa da mai naƙuda a ciki, da motar rigakafi da ke kasa kaiwa ƙauye da damina, su ma maganar rai ce, kuma dukiyar jama'a ce ke lalacewa.

Saboda haka in har za a yi, ga sharuɗɗan da nake ganin su ne ma'aunin amfaninsa. Na farko, a yi shi da rani bayan an kawar da amfanin gona, a kan hanyar da aka rufe, da yardar hakimai da dagatai da masu gonaki da makiyaya, tare da jami'an kiyaye haɗurra da motar asibiti, 'yan kallo kuma a tsai da su nesa.

Na biyu, a kasa gasar gida biyu. Rukuni ɗaya na motocin da ba su da taimakon lantarki, inda gwanintar direba kaɗai za ta yi aiki, domin kada mai kuɗi ya sayi nasara a kanti. Turawa ma sun gane haka: gasar Formula 1 ta haramta na'urar hana santsi cikin 2008, motocin babban rukunin gasar rali ta duniya kuma an raba su da na'urar raba ƙarfi ta tsakiya cikin 2022, don a rage tsada. Rukuni na biyu kuwa na na'urorin da ɗalibai suka haɗa ko suka daidaita da kansu ne.

Na uku, kowace motar da za ta shiga lalle a sami ɗalibi ɗaya da bakaniken yankin ɗaya cikin masu hidimarta, kuma bayan an gama a buɗe bayanan da na'urar ta tara a koyar da su a aji. Na huɗu, kuɗin biki ya fito daga kamfanonin mai da taya da motoci, tun da su ke cin moriyar talla. Abin da Gwamnati za ta kashe ya tafi ga kayan auna cutar mota da horar da kanikawa.

Kakanninmu sun san wannan hikima. Sukuwar dawaki da hawan salla sun daɗe domin a garinmu ake ɗinka sirdi, a garinmu ake ƙera linzami da likkafa, kuma a garinmu ake samun mai maganin doki. Ya kamata ma'aikatan da takardar irin wannan shiri za ta bi ta teburinsu su yi tambaya guda kafin su sa hannu: bayan baƙi sun watse, kanikawa nawa ne tsakanin Babura da Kazaure za su iya gyara ƙwaƙwalwar mota ba tare da sun cire farfela ba? Ɗalibai kuma kada su jira sai an kira su, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Matattun motoci masu ja da ƙafa huɗu suna nan jibge a harabar ofisoshi, ana iya roƙon guda a fara da ita. Allah ya sa a dace, amin.