WAYARMU CE, KO HAYA MUKE YI?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ga wata tambaya da ya kamata mu zauna mu yi wa kanmu. In mutum ya sayi gida, ya biya kuɗi lakadan, aka miƙa masa makulli, sa'an nan ya shiga ya tarar da baƙi zaune cikin ɗakuna uku, suna cin hatsinsa suna ƙona masa kananzir, aka kuma ce masa ba shi da ikon sallamarsu, shin gidan nasa ne? Amsar da duk muka bayar ita ce amsar da za mu ba da game da wayar da ke aljihun kowannenmu.

Kowa ya san yadda abin yake. Ɗalibi ya tara kuɗin guzurinsa, ko ƙaramin akawu ya matse albashinsa na wata da watanni, ya je kasuwa ya sayo sabuwar waya. Tun ranar da ya kunna ta sai ya iske manhajoji jere waɗanda bai nema ba: na wasanni, na talla, na labarai, da kantin manhajoji na biyu bayan na Google. Ya danna ɗaya domin ya goge, sai ya ga babu wurin gogewa. Iyakar abin da aka yarje masa shi ne ya dakatar da ita, wata ma ko dakatarwar an hana. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu suke yi wa wayoyinsu abin da masu gyara ke kira "rut", domin su kori baƙin da ƙarfin tsiya. Ra'ayinmu a nan shi ne: korar baƙin nan haƙƙinmu ne, amma hanyar rut tana da tsada ƙwarai, kuma abin kunya ne a ce sai mutum ya fasa ƙofar gidansa kafin ya share ɗakinsa.

Da farko, me ya kawo su? Ruwa ba ya tsami banza. Masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa suna ƙulla yarjejeniya da masu manhajoji, a biya su domin a dasa manhajar tun daga masana'anta, ko kuwa a raba kuɗin tallan da za ta kawo. Su kansu manyan ba su tsira daga wannan ba. A shekarar 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne sharaɗin da ya gindaya wa masu ƙera waya cewa sai sun sa manhajarsa ta bincike da Chrome kafin a ba su Play Store. Kotu ta ɗan rage tarar a 2022, amma ta tabbatar da akasarin hukuncin.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa kuɗin da ake samu ta nan shi ke sa waya ta yi araha har talaka ya iya saya. Akwai gaskiya a maganar, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai mu lura da wanda ke biyan bashin arahar. Wayar mai ƙaramin ƙarfi ita ce aka fi cika wa kaya, alhali ita ce ba ta da ƙarfin ɗauka. Manhajar da ke aiki a ɓoye tana shan batir a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, tana kuma cin datar da aka saya da kuɗin abincin rana. Watau wanda ya fi kowa rashi shi ne ya fi kowa biya.

Abin bai tsaya ga batir da data ba. Manhajar da ta zo tare da waya tana iya samun izinin da ba a ba wadda mutum ya sauko da ita da kansa, sau da yawa kuma ba tare da an tambayi mai wayar ba. A 2019 masu bincike na cibiyar IMDEA da ke Madrid tare da abokan aikinsu suka duba manhajojin da ke zuwa cikin wayoyi sama da 1,700 na kamfanoni fiye da 200, suka tarar da yawansu suna tattara bayanan masu waya. A 2020 kuwa aka ba da rahoton cewa wayoyi kimanin 53,000 samfurin Tecno W2, waɗanda aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, sun fito ɗauke da muguwar manhajar nan Triada, wadda ke jawo wasu manhajoji masu yi wa mutum rajistar biyan kuɗi ba da saninsa ba. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce ɓarnar ta shigo ne ta hannun wani ɗan kwangila cikin masu kawo masa kaya, ya kuma fitar da gyara. Darasin dai a fili yake: abin da aka dasa tun daga masana'anta, ko an mayar da waya yadda ta fito sabuwa yana nan daram, domin da shi ta fito.

To, mene ne shi rut ɗin? Kalmar Turanci ce mai ma'anar saiwa. Android an gina shi ne bisa Linux, kuma a tsarin Linux akwai babban mai iko guda ɗaya wanda babu ƙofar da ke rufe gare shi. Shi ake kira rut. Masu ƙera waya suna riƙe wannan iko, su bar mai waya da matsayin ɗan haya. Ma'ajin wayar kuma a rabe yake: akwai sashen tsari, inda Android da manhajojin masana'anta suke, wanda ana karanta shi amma ba a rubutu a kansa, akwai kuma sashen mai waya, inda hotunanmu da saƙonninmu suke. Yin rut shi ne karɓe wancan babban iko, har mutum ya iya taɓa sashen tsari.

A nan akwai wani abu da da yawa ba su sani ba, kuma saninsa zai hana su wahalar banza. Goge manhaja daga sashen tsari ba ya ƙara wa mutum wurin ajiye hotuna, domin girman kowane sashe a yanke yake. Wurin da aka share can, can zai zauna babu kowa. Abin da mutum ke samu kawai shi ne wurin da sabunta manhajar da tarkacenta suka cinye a nasa sashen, kuma wannan ana samunsa ko ba a yi rut ba. Har ila yau, tun daga Android 7 na 2016 waya tana bincikar sashen tsari duk lokacin da aka kunna ta, in ta ga an taɓa shi tana iya ƙin tashi. Daga Android 10 na 2019 kuwa, a wayoyi da yawa an tsara sashen ta yadda rubutu a kansa kai tsaye ya zama da wuya ƙwarai. Shi ya sa masu rut suka dogara ga Magisk, manhajar da John Wu ya fito da ita a 2016, wadda ba ta goge komai daga sashen tsari. Lulluɓe manhajar take yi, waya ta tashi kamar babu ita. Saboda haka akasarin abin da ake kira gogewa, ɓoyewa ne.

Sai mu zo ga farashin. Kafin a yi rut, galibi sai an buɗe makullin da ke tsare tashin waya, wanda ake kira butloda, kuma buɗe shi yana share duk abin da ke cikin wayar. Wasu kamfanoni ma sun toshe hanyar: Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. A wayoyin Samsung akwai tsarin tsaro mai suna Knox, wanda ke da wani ɗan fis cikin na'urar. Da zarar an sa wa wayar tsarin da ba na kamfani ba sai ya ƙone, ba ya kuma gyaruwa har abada, manhajar biyan kuɗi ta Samsung da amintaccen ma'ajinsa su daina aiki. Kamfanoni da dama suna ɗaukar rut a matsayin dalilin soke garanti. Manhajojin banki da yawa suna bincikar lafiyar waya ta hanyar tsarin Google mai suna Play Integrity, in suka ga alamar rut sai su ƙi buɗewa. Ma'aikacin da albashinsa ke shigowa ta waya, da ɗalibin da ke jiran kuɗin makaranta daga gida, su auna wannan da kyau. Bayan haka, sabuntawar tsaro da kamfani ke aikowa ta iska takan ƙi shiga wayar da aka taɓa.

Mafi girman haɗarin shi ne wannan. Android yana killace kowace manhaja cikin nata ɗaki, ba ta leƙa na maƙwabciyarta. Manhajar da aka ba ikon rut ta fi ƙarfin wannan katanga. Tana iya karanta saƙonni da lambobin sirri. In mutum ya ba da izinin ga manhajar da bai san asalinta ba, musamman irin waɗanda ke alkawarin rut da danna maɓalli ɗaya, to ya kori ɓarawon kaji ne ya ba ɗan fashi makulli. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ga wanda ya riga ya yi rut, ko ya ƙudura sai ya yi, shawararmu kaɗan ce. Ya kwafe duk abin da ke wayarsa zuwa wani wuri tun kafin ya fara, ya kuma tanadi ainihin tsarin masana'anta na samfurin wayarsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ya goge manhaja saboda kawai bai gane sunanta ba. Ya fara daskarar da ita, ya yi kwana biyu ko uku yana amfani da wayar, in babu abin da ya lalace sa'an nan ya cire. Ya riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya, domin in matsala ta taso ya san mafarinta. Ya nisanci manhajar fuskar tsari, da ta kiran waya, da mai girka manhajoji, da Google Play Services. Kada kuma ya cire allon rubutu ko manhajar shafin farko sai ya sa madadinsu. Kuskure ɗaya a nan yana sa waya ta riƙa kunnuwa tana mutuwa a kan tambarin kamfani, sai an kai ta an yi mata filashin.

Amma ga akasarinmu akwai hanya mafi sauƙi. Wadda ta yarda a dakatar, a shiga saiti a dakatar da ita, a cire sabuntawarta, a janye mata izini. Wadda ta ƙi, akwai ADB, kayan aikin da Google da kansa ya tanada domin masu rubuta manhaja. Da kwamfuta da igiyar USB ana iya ba waya umarni ta cire manhaja daga gaban mai amfani da ita, ba tare da rut ba, ba tare da buɗe butloda ba. Asalin manhajar yana nan kwance a sashen tsari, amma ba ta tashi, ba ta shan batir ko data. In kuma aka yi kuskure ana iya mayar da ita. Ita ma wannan hanya tana son hattara wajen zaɓen abin da za a cire, sai dai ba ta taɓa garanti ko banki. In an auna, kusan duk amfanin da ake nema a rut ana samunsa a nan.

Duk da haka, ba mu yarda a ce maganin ya ƙare ga dabara ba. Mu da muka san kwamfuta mu nawa ne? Manomi da 'yar kasuwa da tsohon da jikansa ya saya wa waya ba za su koyi ADB ba, kuma bai kamata a ce sai sun koya ba. Wasu ƙasashe sun gane haka. A 2014 Koriya ta Kudu ta fitar da ƙa'idar cewa a bar mai waya ya goge manhajojin da aka dasa masa, ban da 'yan kaɗan kamar kantin manhajoji da ta haɗa waya da Wi-Fi. Sin ta kafa irin wannan ƙa'ida daga 1 ga Yuli 2017, ta ƙara tsaurara ta a farkon 2023. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta hau kan manyan kamfanoni a watan Maris 2024, ta wajabta musu barin mutane su cire irin waɗannan manhajoji cikin sauƙi. A Janairun 2020 ƙungiyoyi sama da 50, ƙarƙashin jagorancin Privacy International, suka rubuta wa shugaban Google, Sundar Pichai, suna neman a ba kowa wannan dama. Abin lura shi ne, ƙasashen da ke ƙera mana wayoyin nan, Sin da Koriya, sun kare mutanensu daga abin da ake aiko mana da shi.

Muna da hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ita ke tantance samfurin waya kafin a halatta sayar da shi. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Abin da muke nema gare su abu uku ne. Na ɗaya, duk manhajar da waya za ta iya aiki ba tare da ita ba, a bar mai waya ya goge ta da yatsansa. Na biyu, a bayyana wa mai saye jerin manhajojin da ke ciki da irin bayanan da kowace ke ɗauka. Na uku, a riƙa bincikar abin da aka dasa cikin waya lokacin tantancewa, yadda ake bincikar na'urarta.

Mu kuma ɗalibai akwai namu. Waɗanda ke karatun kwamfuta da injiniya su koya wa 'yan'uwansu hanyar da ba ta da haɗari, su kuma daina yi wa wayar kowa rut don nuna gwaninta. Ƙungiyoyinmu su rubuta wa hukumomin nan a hukumance, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya biya kuɗin abu shi ke da ikon cewa wa zai zauna cikinsa, kuma wannan iko bai kamata ya zama sai mai kwamfuta da ƙarfin hali kaɗai ke samunsa ba. Allah ya sa mu dace, amin.