Wayoyin Japan da Darasin Kifin Rijiya

A kowace shekara, kamfanonin ƙasar Japan da suka rage cikin sana'ar ƙera wayar hannu sukan fito da sababbin samfura, amma da wuya ka ji ɗalibi yana zancensu a wannan jami'a tamu. In ka dubi hannun 'yan'uwanmu a ɗakin karatu ko a layin abinci, Tecno za ka gani, ko Infinix, ko Samsung, sai kuwa iPhone wurin masu hali. Alhali kuwa da dama daga cikin abubuwan da muke taƙama da su a waɗannan wayoyi, a Japan aka fara su. Yadda aka yi na gaba ya koma baya, shi ne abin da muka ga ya cancanci sharhinmu na wannan fitowa.

Bari mu fara da kayan da ke kasuwa. Xperia 1 VII, wadda Sony ya fitar a 2025, ta riƙe abubuwan da manyan abokan gasarsa suka yar tuntuni, watau kafar sa abin sauraro na kunne, da gurbin katin ajiya, da madanni na musamman a gefe don ɗaukar hoto. Sharp kuwa, tun daga Aquos R6 ta 2021, ya haɗa gwiwa da Leica na Jamus wajen tsara kyamarar manyan wayoyinsa. Torque ta Kyocera an yi ta ne don masu aikin ƙarfi da masu shiga teku, tana jure faɗuwa da ruwan gishiri. Akwai wasu samfuran arrows da ake iya wankewa da sabulun hannu. Sai kuma Raku-Raku, wayar tsofaffi, mai manyan haruffa, wadda ke iya sassauta saurin maganar mai kira domin dattijo ya fahimta.

Ko kusa waɗannan siffofi ba ado ba ne. Kowace ɗaya amsa ce ga wani hali na zaman Japanawa. Mutane ne masu son daɗewa cikin ruwan wanka, ga damina mai yawan ruwa, saboda haka suka nemi wayar da ruwa ba ya kashewa. Kusan kashi 29 cikin 100 na jama'ar ƙasar sun kai shekara 65 ko sun wuce, shi ya sa dattijo ya zama babban mai ciniki. Ƙasar girgiza ce, don haka tun 2007 DoCoMo ya fara aika gargaɗin girgizar ƙasa kai tsaye zuwa wayoyin mutane. Kuma saboda kare mutuncin mata a jiragen ƙasa masu cunkoso, kamfanonin suka amince a tsakaninsu cewa lalle kyamarar waya ta yi ƙara in an ɗauki hoto.

Wannan ɗabi'a ta lura da bukatar gida ita ce ta ba su gaba tun farko. A 1979 NTT ya buɗe hanyar wayar salula ta kasuwanci a Tokyo, ga masu motoci. A Fabrairun 1999 DoCoMo ya ƙaddamar da i-mode, Japanawa suka soma karanta wasiƙu da labarai a waya, shekara biyu kafin GSM ta iso Nijeriya a 2001. Don wannan tsari ne Shigetaka Kurita ya zana ƙananan alamomi 176, kakannin emoji da muke aika wa juna a yau. A 2000 Sharp ya fito da J-SH04 mai kyamara a bayanta. A 2003 kamfanin au ya fitar da INFOBAR, wadda Naoto Fukasawa ya tsara, har da mai launin ja da fari irin na kifin ado na ƙasar, kuma kyawunta ya kai ta gidan adana kayan fasahar zamani na New York. A 2004 waya ta zama alabe, mutum ya taɓa ta a na'urar kanti ya biya kuɗi. A 2006 aka fara kallon talabijin na dijital a cikinta.

To, ina aka yi tuntuɓe? Na farko, lokacin da yawancin duniya ta haɗu a kan tsarin GSM, Japan ta rungumi nata tsarin, PDC, wanda ba ya aiki a waje. Na biyu, kamfanonin sadarwa ne ke shata wa maƙera irin wayar da za su ƙera, su saye ta, su sa mata sunansu, maƙerin bai koyi tallar kayansa a baƙuwar kasuwa ba. Na uku, jama'ar gida sun haura miliyan 120, ciniki ya wadatar, ba wanda ya ga dalilin wahalar fita. Japanawa da kansu suka laƙaba wa wayoyin nan sunan Galapagos, tsibiran da halittunsu suka rayu a keɓe har suka saɓa wa na ko'ina. Mu a nan sai mu ce kifin rijiya, wanda ke zaton iyakar ruwan duniya ke nan.

Da iPhone ta shiga ƙasar a Yulin 2008 ta hannun SoftBank, sannan Android ta biyo baya, sai bangon rijiyar ya rushe. NEC da Panasonic suka janye daga ƙera wa jama'a wayoyin zamani a 2013. Foxconn na Taiwan ya sayi Sharp a 2016. FCNT, magajin sashen wayoyin Fujitsu, ya durƙushe a 2023, Lenovo na ƙasar Sin ya karɓe shi. DoCoMo kuma ya tsayar da ƙarshen Maris na 2026 ya zama ranar rufe i-mode.

Wani zai ce ai laifinsu kishin gida ne. Mu ba mu yarda ba. Kishin gida shi ya haifi duk abin kirkin da suka ƙirƙiro. Kuskurensu shi ne sun gina ɗaki mai kyau ba su yi masa ƙofa ba. Hujja tana cikin aljihunmu: Transsion, mai Tecno da Infinix, ya ci kasuwar Afirka ne da dabarar nan ta Japanawa, ya lura da mu, ya ba mu layi biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da ke fito da baƙar fata, amma a kan tsarin da duniya ta yarda da shi. Abin takaici shi ne baƙo ne ya yi wannan nazari a kanmu, mu muna kallo.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya da na kimiyyar kwamfuta, su dubi ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ɗaukewar wuta, da wahalar rubuta ɓ da ɗ da ƙ, da manomin da bai iya karatun boko ba, su mai da su batun bincikensu na shekarar ƙarshe. Matasan ma'aikata da ke rubuta takardun sayen kaya da tsara ƙa'idoji a ma'aikatu kuma, su tambayi kowane tsari tambaya biyu kafin su sa hannu: ya dace da mutanenmu? Zai iya magana da na maƙwabta? Japan ta amsa ta farko da gwaninta, ta manta da ta biyu, ta kuwa biya farashi mai tsada. Mu har yanzu ba mu amsa ko ɗaya ba, kuma lokaci ba jiranmu yake yi ba.