Ƙasa ko kasa?

Ma'aikatan ofis na cewa wai kwamfuta ce ta ƙi haruffanmu masu ƙugiya. Wannan hujja ta daɗe da mutuwa. A 1963, da Amurkawa suka tsara ASCII, ko é ta Faransanci ba su saka ba, balle ƙ. Amma tun 1991 Unicode ya karɓi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Harshen Python 3 kuwa, na 2008, yana barin mai tsara manhaja ya sa wa lissafinsa suna "kuɗi", aiki ya tafi sarai.

A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. To, mai albashin gwamnati da ke rubuta "kasa" a gurbin ƙasa, laifin na'ura ne, ko kuwa aikinsa yake siffantawa?