Laifin Ɗan Aike Ko Na Mai Aike?

Tun cikin watan Yuni na shekarar 2023, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya buɗe hanyar da na'urarsa mai ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa kiran wasu manhajoji su yi mata aiki, waɗannan na'urori suka tashi daga masu amsa tambaya kurum suka koma 'yan aike. Yau akan sa su duba asusu, su aika da wasiƙa, su biya kuɗi, su share fayil. Cikin watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida mai suna MCP domin daidaita yadda ake haɗa ɗan aiken da kayan aikinsa, kafin tsakiyar 2025 OpenAI da Google duk sun ba da sanarwar za su bi ta.

Abin da jama'a da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikin da aka miƙa masa. Iyakar abin da yake samu shi ne sunan kayan, da 'yan layukan bayani a kan amfaninsa, da jerin guraben da zai cike. Da wannan ɗan rubutu kaɗai yake yanke shawarar abin da zai ɗauka da yadda zai yi da shi. Amma abin takaici, wannan rubutu shi ne wanda maƙeran manhaja suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, sai an gama gini sannan a yi masa layi guda cikin gaggawa. Ran da aka yi ɓarna kuwa sai kowa ya ɗora wa na'ura laifi, alhali idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga misali daga gida. Kamfanin Paystack na Legas yana karɓar adadin kuɗi ne da kwabo, ya kuwa faɗi haka a fili cikin bayaninsa. To, a ce wani ya gina kayan karɓar kuɗi a kan wannan hanya, ya rubuta wa ɗan aike kalma ɗaya tak, “adadi”. Mai shago ya ce a karɓi N5,000, ɗan aike ya cike 5000, abin da zai shiga asusu N50 ne. In kuwa aka juya lamarin, kayan yana ƙirga Naira shi kuma ɗan aike ya zaci kwabo ne, mai saye za a yi wa yankan N500,000. Balle a zo ga ɗan kasuwar da zai ce “jaka goma”, wadda a Kano N2,000 ce, a Maraɗi kuwa Sefa 10,000.

Saboda haka ma'aunin farko na bayani mai kyau shi ne a ba da shi ga wanda bai taɓa ganin kayan ba, a ga ko zai iya aiki da shi ba tare da ya yi tambaya ba. Lalle ne ya faɗi ma'aunin kowane gurbi, da yadda ake rubuta kwanan wata, domin 3/4 a Amurka 4 ga Maris ne, a Nijeriya kuwa 3 ga Afrilu. Lalle ne kuma ya faɗi inda bai kamata a yi amfani da kayan ba, ya bambanta shi da ɗan'uwansa mai kama da shi, ya kuma yi gargaɗi in aikin ba ya warwaruwa, kamar tura kuɗi. Tsawo ba shi ne inganci ba, gama kowane bayani yana cin wuri cikin ɗan abin da na'urar ke iya riƙewa a lokaci guda.

Wasu sun ɗauki al'adar sa wata na'urar ta karanta bayanin ta ba shi maki. Wannan ba laifi ba ne, amma bai isa ba ko kaɗan, domin mai ba da maki rubutu yake dubawa, ba ya sanin ko rubutun ya dace da abin da kayan ke aikatawa. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, ba don an rasa rubutacciyar ƙa'ida ba. Takarda ta ce a ba da lissafi da awon mita, manhajar kamfanin Lockheed Martin kuwa tana ba da shi da awon Ingilishi, bambancin ya haura ninki 4. Sai an gwada akan san na ƙwarai: a ba ɗan aike ayyuka na gaskiya masu yawa, a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da ba shi ba, sau nawa ya cike gurbi ba daidai ba, a gyara bayanin, a sake gwadawa.

Akwai kuma abin da ya fi sakaci muni. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs da ke Zurich suka nuna yadda za a ɓoye umurni cikin bayanin wani kayan tara lissafi, ɗan aike ya karanta, ya ɗebo mabuɗan sirri na mai kwamfuta ya miƙa su waje, shi kuwa mai kwamfuta bai ga komai ba, don allonsa ba ya nuna masa cikakken bayanin. Ke nan duba bayani ya shiga sha'anin tsaro.

Kafin bankuna da ma'aikatun ƙasar nan su damƙa wa waɗannan 'yan aike asusun talakawa, kamata ya yi Babban Bankin Nijeriya da hukumar NITDA su wajabta cewa duk kayan da ke taɓa kuɗi sai wani ma'aikaci mai suna ya karanta bayaninsa duka ya sa hannu, a ajiye sakamakon gwajinsa, a kuma sake dubawa duk ran da aka sauya ko da kalma ɗaya a cikinsa.