A gwada shi a ranarmu kafin a sayar mana

Duk wanda ya kwana a Yamai cikin watan Agustan 2023 bai manta ba. Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke sha, gari ya yi duhu, magani ya lalace a firji. Shi ya sa da aka fara yayata sabon sola da ake mannawa a bango da gilashin taga, har ana maganar wanda za a shafa kamar fenti, mutane suka ce ga mafita ta zo. Ni ina ganin a bi a hankali.

Abin gaskiya ne. Ana amfani da wani sinadari mai suna ferobiskayit, wanda ake shimfiɗawa siriri a kan gilashi ko roba. A 2009 masana a Japan sun samu kashi 3.8 kacal na hasken rana ya zama wuta da shi, yau ya wuce kashi 25. Amma zafi da laima suna cinye shi da wuri, kuma yawancinsa akwai dalma a ciki. Ina ga bazarar Tawa, inda zafi ke haura digiri 40? Ina ga ƙurar hunturu?

Masu talla suna nuna mana makarantar nan ta Kofanhegan a Denmak, wadda aka lulluɓe bangonta da farantan sola 12,000. Ba sa faɗa mana cewa can rana ƙasa-ƙasa take tafiya, tana dukan bango. Mu nan tsakar ka take tsayawa. Rufin kwanonmu ne ke shan ta, shi ne kuma yake zaune ba aiki, alhali farantin sola na yau da kullum yana kasuwa, an san ƙarkonsa.

Abin da ke ƙona mini rai, ƙasar nan ba baƙuwar ilimin rana ba ce. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin ONERSOL, inda aka ƙera tukwanen girki da na dafa ruwa da zafin rana tun ba a haifi da yawanmu ba. Jikokinsa ne yanzu za su zauna jiran kwantena?

Ga abin da nake nema. Duk kamfanin da zai kawo mana solar bango, a kafa samfurinsa a Yamai da Agadas da Damagaram, ya ci bazara da damina da hunturu, ɗalibanmu su auna, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci. A kuma faɗi inda za a kai shi idan ya mutu, don kada dalmarsa ta ƙare a bolar da yaranmu ke wasa. Kafin nan, duk sabuwar makaranta ko asibitin da gwamnati za ta gina, a ɗora mata sola a rufi.