Masanawa: Idan Zaure Ya Zama Shago, Ina Karatu Zai Zauna?

Duk wanda ya ratsa lungunan Masanawa a cikin birnin Katsina, yana tafiya ne a kan sawun malamai. Unguwar ta samo sunanta daga Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, almajirin Wali Ɗan Marna, kuma mai sharhin Ishiriniya da ake kira Nafhatul Anbariyya. A cikin wannan birni ne kuma Hasumiyar Gobarau take tsaye, tana shaida cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Korau Katsina matattarar masu neman ilimi ce.

Sai dai ba hasumiya ce ta raya wannan ilimi ba, zaure ne. A zaure malami yake shimfiɗa buzunsa bayan Asuba, ɗalibai su kewaye shi, wannan da Ahalari, wancan da Iziyya, wani da Risala. A nan ake sasanta ma'aurata, a sauki baƙo, a gane maraya da mabuƙaci.

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, garin ya faɗaɗa zuwa bayan ganuwa, filaye suka yi tsada. Masu hali da yawa suka koma sababbin unguwanni, inda gida ke farawa da ƙofar ƙarfe da wurin ajiye mota. A cikin gari kuwa, mun sha ganin yadda abin yake kasancewa: malami ya rasu, a raba gado, zaure ya faɗa rabon wanda bai gaji karatun ba, sai a fasa bango a fitar da shago. Littattafan kuma a tura su cikin adaka, gara ta gama da su.

Ba ma zargin magada. Rabon gado hukuncin Allah ne, kasuwanci halal ne, talauci kuma gaskiya ne. Laifinmu shi ne mun yi sakaci da ƙofar da Shari'a ta buɗe mana, wato waƙafi. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya samu fili a Khaibara, Manzon Allah (SAW) ya shiryar da shi ya tsare asalinsa ya sadaukar da amfaninsa, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado.

Don haka muna kira ga malaman da ke raye su waƙafta zaurukansu da littattafansu tun suna da lafiya, a rubuce, a gaban shaidu da alƙali. Attajiran da aka haifa a waɗannan unguwanni su sayi zaurukan da magada suka sa a kasuwa, su mayar wa karatu. Masarauta da masu unguwanni su ƙididdige waɗanda suka rage.

In ba haka ba, jikokinmu za su gaji sunan Masanawa ba tare da masana ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.