Garkar bayan gida: a fitar da turba, a bar ƙasa ta sha ruwa

A Maraɗi da Damagaram, ma'aikaci ko ɗan kasuwa in Allah ya hore masa gida, abu na farko da yake yi shi ne ya shafe tsakar gida da siminti. Amma yau ana samun magidanta masu ware fili a bayan gida don itatuwan ƙasarmu: kanya, danya, aduwa, magarya da sabara, a ƙarƙashinsu kuma yaɗiya, tafasa da gasaya. Darasin da manoman jihar Maraɗi suka koya tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara jawo hankalinsu ga renon tohon kututture, ya shigo birni.

Sai dai garka marar turba ba ta daɗewa. Inda ƙafa ta yawaita, ƙasa takan daddale, ruwa ya kasa shiga, toho ya mutu tun bai yi ƙwari ba. Da dare kuma, mai ratsa ciyawa bai san inda kunama ko maciji ya kwanta ba.

Maigida mai dabara ba ya gaggawa. Yakan duba inda iyali suka saba bi, daga madafa zuwa rijiya ko garken awaki, nan ne turba za ta bi. Faɗin mita 1 ya isa mai ɗauke da bokiti biyu ya wuce. A nisanta ta da magarya da aduwa saboda ƙaya. Kada a yi gina mai zurfi kusa da gindin icce, domin saiwa takan zarce inuwa. A zuba tsakuwa ko ɓaraguzan bulo, a jera duwatsu a gefe, a ɗan ɗaga tsakiya don ruwa ya gangara wajen itatuwa.

Maganar ruwan nan ba ƙarama ba ce. Maraɗi na samun wajen milimita 500 a damana. Fili mai murabba'in mita 100 ke nan yana karɓar lita 50.000, wato tano 250. Siminti na tura wannan ruwa titi, ya ƙara wa maƙwabta ambaliya irin wadda aka sha a 2024. Tsakuwa kuwa tana barinsa ya nutse, icce ya sha har cikin rani.

Saboda haka, kafin a kira magini, a fara tambayar ina ruwan gidan zai tafi.